Fita Zaure Ba Sallama

Har gobe ban manta da wata Laraba ta cikin damina ba, ranar da Sa'adatu ta hawo benen ofishinmu na Kwamba da goyo a bayanta, ta ajiye waya a kan tebur ta ce, "Gwaggo, maganarki za ta sa a kore ni daga gida."

Injiniya, mai kamfaninmu, ya ce tunda an ɗauki sababbin ma'aikata, kowa cikinmu tsofaffi ya ba da labari ɗaya daga aikin nan. Ga nawa. Ni nake faɗa, Malama Rakiya na bugawa, kamar yadda muka saba.

Sunana Habi, a Bagama aka haife ni, a nan na yi aure, a nan na tsufa. Ban shiga aji ba, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Abin da Allah ya ba ni magana ce. In na fara tatsuniya a tsakar gida, har matar da ta ɗora tukunya sai ta manta da ita. A wani biki Injiniya Bashir ya ji ni, ya aiko a tambaye ni ko zan yi aiki a kamfaninsa. Manhajar aika saƙo suke yi, ta matan da karatu ke yi wa wuya. A cikinta akwai shafukan taimako. In mace ta rikice sai ta danna alamar tambaya, wayar ta karanta mata abin da za ta yi. Yaran kamfanin sun rubuta nasu, matan suka ce ba sa gane komai. Shi ya sa aka nemo ni.

Ga yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. Kowace tambaya da fayil nata. Malama Rakiya, wadda ta yi aikin sakatare a Abuja kafin ta gaji da motar asuba, ita ke zama gaban kwamfuta. Ni ina gefenta da waya a hannu. Za ta ce, "Gwaggo, yau yadda ake tura hoto ne." In gwada da hannuna, in faɗa da bakina, ta buga. Layin farko take ne, ana sa masa alamar nan mai kama da gidan dara a gabansa. Sai matakai, kowanne a layinsa da lambarsa. In aka bar layi ba komai, muryar da ke karantawa takan ɗan yi numfashi. Gargaɗi kuwa ana fara shi da sanda mai ɗigo a ƙasa, shi ke sa ya fito ja. Ban iya karanta abin da ke rubuce ba, amma na san fasalinsa, in aka manta gidan dara ina ganewa daga nesa. In mun gama, Injiniya ya duba ya tura, nan take fayil ɗin ya shiga wayar kowa.

Tsarin kamfani a lokacin shi ne take a sama, matakai a tsakiya, gargaɗi a ƙasa. Ni ma tsarin ya yi mini daidai. Wace mai labari ce ke faɗin ƙarshe tun farko?

A manhajar, taron mata da ke hira wuri ɗaya zaure muke ce masa. Matan da ke gwada mana manhajar sun yi ta kukan cewa zaure na hana su barcin rana. Sai muka yi fayil, na raɗa masa take da kaina: "Idan zaure ya dame ki." Ɗaya, buɗe zauren. Biyu, danna sunansa a sama. Uku, danna hoton ƙararrawa, wayarki za ta yi shiru. Sai numfashi. Sai muryar ta ce, idan kuma kin gaji da zauren gaba ɗaya, huɗu, gangara ƙasa. Biyar, danna jan maɓalli. Can ƙasa kuma gargaɗi: jan maɓalli fita ne, kuma kowa zai ga kin fita. Rakiya ta ce ya yi, Injiniya ya ce ya yi, ni ma na ce ya yi daɗin ji.

To, Sa'adatu. Yarinya ce 'yar Katsina, mijinta na aiki a Abuja, ba su daɗe da kama ɗaki a gidan Hajiya Uwale a nan Kwamba ba. Gidan haya ne babba, matan gidan da na maƙwabta suna da zaurensu, Bilki babbar 'yar Hajiya ita ke riƙe da shi. Sai Allah ya yi wa maigidan Hajiya rasuwa. Zaure ya cika da gaisuwa, da zancen wa zai kawo tabarmi, wa zai dafa me. Wayar Sa'adatu ba ta daina ƙara ba, jaririnta kuma ga zazzaɓi, da ya runtsa sai ta tashe shi. Ta danna alamar tambaya, ta bi murya. A tsakiyar saƙonnin ta'aziyya, tsakanin "Allah ya jiƙan Baba" da "Allah ya ba da haƙuri," sai ga rubutu a wayar kowa: Sa'adatu ta fita daga zaure.

Ku yara da kuka tashi da waya, ƙila ku ce mene ne a ciki. A wurinmu ko zaman hira ne ba ka tashi ka kaɗe zani ka tafi. Balle zaman makoki, balle na mai gidan da kake haya, balle kai baƙo. Bilki ta aika mata cewa tunda mutuwarsu ta dame ta, in wata ya ƙare ta nemi gidan da ba a mutuwa. Ta je ba da haƙuri, aka ce Hajiya na takaba ba ta ganin kowa, alhali mata na shiga suna fita.

Da ta gama ba mu labari, Injiniya ya ce, "Amma ai akwai gargaɗi."

Sa'adatu ta ce, "Na ji shi. Bayan na danna."

Rakiya ta kunna fayil ɗin, ta miƙa wa Sa'adatu wayar ofis, ta ce ta yi yadda ta yi. Muka zuba mata ido. Murya na cewa ɗaya, yatsanta na tafiya. Biyu, ya tafi. Da aka zo wurin numfashin nan da "idan kuma kin gaji," idonta na kan ƙararrawa tana duba ko ta dannu, kunnenta bai ɗauki komai ba. Da ta ji huɗu sai ta bi huɗu, don bayan uku huɗu ke zuwa. Ranar da muka tsara shi, mu uku mun saurari fayil ɗin nan hannu a cinya. Babu wanda ya saurare shi da yatsa a kan waya da yaro na kuka.

Injiniya ya ja kujera. "Malama Rakiya, a raba shi biyu yanzu, in tura kafin azahar."

Na ce, "Kada ka tura."

"Gwaggo, kowace sa'a wata na iya faɗawa."

"Na sani. In ka gyara yanzu, me zan nuna wa Uwale? Za su danna su ji magana lafiya lau, su ce yarinyar nan ƙarya ta ƙara a kan rashin kunya."

"Sai in rubuta musu takarda da sunan kamfani."

Rakiya ta ce, "Oga, gidan makoki za ka kai wa takarda? Su kunna wuta da ita?"

Ya dubi agogo. Gaskiyarsa ce, tawa ma gaskiya ce. Ya ce, "Zuwa magariba. Ana kiran salla zan tura, ko kin dawo ko ba ki dawo ba."

Bayan la'asar na yafa mayafi na hau keke napep. Na ce wa Sa'adatu ta koma ɗakinta ta zauna, kada ta leƙo. Ni da Uwale tare muka yi 'yan matanci, ba mai tare ni a ƙofarta. Na same ta a kan darduma, mata sun kewaye ta, Bilki na bakin ƙofa tana karɓar kwanukan abinci. Na durƙusa na yi gaisuwa. "Hajiya, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa can ta fi masa nan." Aka shafa. Na zauna, ban ce komai a kan kowa ba.

Ban jira da yawa ba. Wayarta na gefen darduma, ƙit, ƙit, ba ta fasawa. Tana jan carbi tana ɓata fuska.

Na ce, "Uwale, abin nan ba zai bar ki ki yi wa Alhaji addu'a ba."

Ta ce, "Wallahi Habi ya ishe ni. In kashe, 'yan uwansa na Zariya su kira su rasa ni."

"Ai ana sa zauren ya yi shiru, kira kuma ya shigo. Danna alamar tambayar nan, za ta gaya miki."

Bilki ta ce, "Mama kawo in yi miki."

Na ce, "Bar ta. Don irinmu aka yi shi, ba don ku ba."

Uwale ta gyara tabarau, ta kunna. Ɗakin ya yi tsit, kowa na jin murya. Ɗaya, ta danna. Biyu. Uku. Ta ce, "Ga ƙararrawar kuwa." Huɗu, ta gangara. Ni dai ina kallon carbina. Biyar.

Wayoyin ɗakin suka yi ƙara kusan tare. Wata ta duba tata, ta rufe baki da mayafi. Sannan muryar ta ƙarasa a natse, cewa jan maɓalli fita ne kuma kowa zai ga kin fita.

Uwale ta ce, "Me ta ce?"

Bilki ta dubi wayarta, ta dube ni. Da ƙyar ta karanta. "Hajiya Uwale ta fita daga zaure."

"Ni? Na fita ina? Ina nan zaune!"

Akwai wata tsohuwa a kusurwa, abokiyar wasan Uwale ce tun ƙuruciya. Ta ce, "To Hajiya, in wata ya ƙare sai ki nemi gidan da ba a mutuwa."

Gidan makoki ne, ba a yi dariya da ƙarfi ba, amma kafaɗu sun motsa. Bilki ta sunkuyar da kai. Uwale ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta dube ni ta ce, "Habi, da gangan kika bar ni."

Na ce, "Da gangan. Maganar da kika bi, ni na tsara ta a wurin aikinmu. Ita yarinyar nan ta bi, da ɗa mai zazzaɓi a cinya. Da na faɗa miki da baki, da kin ce ina kare aikina ne."

Ta ce, "Da na ce." Ta juya. "Bilki, mayar da ni cikin zauren. A'a, tsaya. Fara mayar da Sa'adatu, kada a ga na riga ta. Ki je ki kira ta, ki ce ta zo da yaron in gan shi. Ke za ki je, ba aike ba."

Ina saukowa daga keke a bakin ofis ana kiran magariba. Injiniya na tsaye a kan bene. Na ɗaga masa hannu na ce, "Tura."

Fayil ɗin ya zama biyu. Na farko, "Yadda za ki sa zaure ya yi shiru," yana ƙarewa a uku, murya ta yi shiru ita ma. Na biyu, "Yadda za ki fita daga zaure," jan layi ne ke biye da take, kafin a ambaci lamba ko ɗaya. Na sa aka ƙara mataki na farko: yi wa mutanen zauren sallama. Injiniya ya ce wannan ba aikin manhaja ba ne. Rakiya ta ce, "Layi ɗaya ne, Oga," ta buga. Yana nan har yau. Washegari aka sauya tsarin kamfani duka, muka bi tsofaffin fayiloli muna ɗaga gargaɗi sama. Daga lokacin kuma ba a tura fayil sai wata ta saurare shi da yatsa a kan waya, ana yi mata surutu a kunne. Surutun ni nake yi, ba wanda ya kai ni.

Sa'adatu na gidan har yanzu. Yaron nan ya yi wayo, Uwale yake kira Kaka.

Abin da nake so sababbi su riƙe shi ne wannan. Wadda ta zo jin labari ta ajiye aikinta ne ta ba ka kunnenta, kana iya ja mata rai, ƙarshen zai same ta a zaune. Wadda ta danna alamar tambaya ba ta zauna ba. Hannunta na tafiya tare da bakinka, abin da ka ajiye sai an jima zai iske ta ta riga ta yi. Kuma maɓallin da ku kuke gani ɗan jan abu ne a fuskar waya, a Kwamba ɗakin mutum ne da mutuncinsa a idon maƙwabta.

Ni dai ban fasa ɓoye ƙarshen tatsuniya ba, jikokina shaida ne. Amma in na hau benen nan, abin da zai cuci mutum shi nake fara faɗa.