Ikrama na Galmi ya tafi, albasarsa na fure

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata 9 ga Mayu, 2017, cikin watan Sha'aban, Allah Ya karɓi ran abokina Alhaji Ikrama, mutumin Galmi ta ƙasar Nijar, direban tasi a nan garin Lanham, inda muke zaman baƙunta a ƙasar Turawa. Ciwon zuciya ne, bai yi doguwar jinya ba. Ya bar matarsa Hajiya Salamatou da 'yarsu Rumasa'u.

Ikrama, jama'a sun san ka da tuƙi, da ɗauko baƙi daga filin jirgi, da zama a sahun farko. Ni da albasa na san ka. Tun haɗuwarmu ta farko ka sanar da ni cewa mu Kanawa ba mu taɓa cin albasa ba, ƙamshinta kawai muke ji daga nesa. Na yi ta musu shekara da shekaru, yau dai na bar maka.

Da ka je gida bayan rasuwar mahaifinka, ka tarar an raba gona, 'yan'uwa sun koma sayen iri a kanti. Ɗan abin da ya rage na irin da tsohon yake fitarwa da hannunsa, shi ka samu. Ka ce mini irin albasa ba ya jiran mutum: in ya wuce shekara ɗaya ko biyu a ajiye, ya mutu. Dole kowace shekara a shuka, a bar wasu su yi fure, a tara sabo. Abin da ya kai ka neman fangali ke nan a lambun unguwa da ke kusa da College Park.

Shekarar farko ka yi dashe bayan damina, kamar a Galmi. Dusar ƙanƙara ta sauko ta share komai. Shekara ta biyu ka bi shawarar masu lambun, ka jira sanyi ya wuce. Albasa ta fito kamar ƙwan zabo. Na zo na duba na ce, "Alhaji, wannan ce ta Galmin? A Kano ko kyauta ba a karɓarta." Ba ka yi dariya ba. Irin ya kusa ƙarewa.

A fangalin da ke jikin naka akwai wata tsohuwa, Ausma, 'yar ƙasar Latbiya, wadda iyayenta suka gudo da ita bayan yaƙin duniya na biyu tana yarinya. Ita ta leƙo ta tambaye ka yaushe ake dasa wannan albasa a garinku. Da ka faɗa mata sai ta ce lokacinka na farko shi ne daidai, bargo ne ba ka ba ta ba. Haka uwarta take yi a ƙasarsu mai sanyi: a dasa kafin ƙanƙara, a lulluɓe da bambaro da busasshen ganye, a bar ta ta yi barci. Ka bi maganarta. Da rani ya zo ka ciro kawuna jajaye masu ɗaukar ido, ka kai mata na farko a cikin hularka. Daga ranar ka koma kiran ta Inna.

Hirarku kuwa abin a zauna a saurara ce. Ku biyu kun haɗu a kan cewa Turanci ya cika son suna. Ganyen albasa ɗaya, wani kanti ya rubuta scallion, wani green onion, wani spring onion. Ga shallot, ga chives, ga leek mai kaurin kara, wanda ka taɓa kai wa Hajiya da sunan lawashi ta tambaye ka ko itacen girki ka sayo. Inna ta ce a yarensu kan albasa sipols ne, ganyen kuma loki. Ka buga cinya ka ce, "Ashe ku ma masu hankali ne! Albasa da lawashi, magana ta ƙare." Ta koya maka puravs, wato leek ɗin da ya ja maka faɗa, da kiploks, tafarnuwa. Kai kuma ka koya mata gabu, ka nuna mata yadda ake daka lawashi a dunƙula a shanya. Ta ce wannan ba su da sunansa, Turawa ma ba su da shi. Ka yi mako guda kana ba mu wannan labari a masallaci, kamar ka ci zaɓe.

Ba wanda ka taɓa sayar wa kan albasa ko ɗaya. Gidan suna, gidan rasuwa, ɗalibin da ya zo bai san kowa ba, duk sun ga ledarka a bakin ƙofa.

Da aka yi rasuwa, mu duka hankalinmu ya tafi kan jana'iza da baƙi. Ba wanda ya tuna da lambu. Sai ga Inna Ausma a zaman makoki, da sandarta, ta yafa gyale ta zauna cikin mata. Bayan ta yi wa Hajiya gaisuwa ta juya wajen Rumasa'u, ta ce albasar da ka bari ta iri ta fara fure, tana son a kafa mata sanduna kafin iska ta karya ta, kuma in ba a tara ba bana, shi ke nan. Ta ce ita gwiwa ta ƙi, amma baki yana nan.

Ka sha yi mini ƙorafi cewa 'yarka ta zama ma'aikaciyar jinya, ba ta san hanyar lambu ba, in ka yi mata Hausa ta amsa da Turanci. To, ka ji: ranar Asabar na kai ta lambun ita da Inna a motata. Tsohuwa na zaune a kan bokiti tana ba da umarni, Rumasa'u na durƙushe tana ɗaure kara. Da ta gama ta ɗago ta ce mini, "Baba, in ya bushe, yaya ake sussukewa?" Da Hausa ta tambaya. Na ce ban sani ba, ni Bakano ne, amma uwarta ta sani. Sun sa ranar sussuka bayan Sallah.

Allah Ya jiƙan ka, Ikrama. Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa duk bakin da ya ci daga hannunka ya zama mai shaida a gare ka. Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Salamatou, da Rumasa'u, da dangi na Galmi, da 'yan'uwanmu direbobi, da Inna Ausma wadda ta yi rashin maƙwabci. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.