Sati Shida da Uwata Ta Yi a Firiji

Uwata ta rasu ranar Talata da hantsi, a ɗakin da ke kusa da famfo a gidanmu na unguwar Maamobi. Kafin azahar matan gidan sun ɗora ruwan wanka a wuta, wata har ta aika a sayo likkafani. Sai da ruwan ya yi zafi aka tuna cewa tsohuwar 'yar Roman ce, kamar yadda muke kiran Katolika a nan. Shekara tara tana zaune a cikinmu, kanta a rufe, ta fi ni yawan cewa "in Allah ya yarda", har mutane suka manta. Aka sauke tukunyar, kowa ya rasa inda zai sa idonsa. Da ruwan na wanke kwanukan sana'ata.

Ni ma a cocinsu aka yi mini baftisma. A Nima na tashi, unguwar da ke kusa da mu, na musulunta kafin in yi aure. Uwata ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce in na kama in kama da gaske, don ba ta son wasa da Allah.

Yayyena suka zo da mota suka kai ta firijin asibiti. Suka ce sai dangi sun taru daga arewa, sai an ɗinka yadi iri ɗaya, sai an buga hotonta. Sati shida ke nan. A Zongo kuwa, wato unguwannin musulmi irin tamu, in mutum ya cika da safe, kafin la'asar maza sun dawo daga maƙabarta suna wanke ƙafa. Maƙwabta suka yi ta zuwa gaisuwa. Ina jin yadda suke ɗauko "Allah ya jiƙanta" su haɗiye, su ce "Allah ya ba da haƙuri". Ban ga laifinsu ba. Gaskiya ban ga laifin kowa ba a lokacin, don ba na jin komai. Ina dafa waakye, shinkafa da waken da nake sana'a da shi, ina sayarwa, ina salla, ina kwanciya. Ko ɗigon hawaye ban yi ba.

'Yata ce ba ta bar ni ba. Shekararta goma sha huɗu, kuma ɗaki ɗaya suke kwana da kakarta. Kullum da yamma muna tsintar wake a ƙofar ɗaki, a nan take tsare ni, da Hausarta ta 'yan Nima da ba ruwanta da mace ko namiji.

"Mma, Kaka yana firiji, mala'ikun tambaya za su jira shi ne?"

Na ce ban sani ba, ta tsinci wakenta.

Washegari ta dawo da wata. "Gunkin da yake ɗakinmu, Kaka yana bauta mishi?"

Ƙaramin mutum-mutumin Maryam uwar Annabi Isa take nufi, mai shuɗin mayafi, wanda hancinsa ya ɓantare. Na ce a wurinsu ba bauta ba ce. Roƙonta suke yi ta roƙa musu Allah, kamar yadda ita 'yata take biyowa ta wurina in tana son abu a wurin babanta. Ta ce to me ya sa ba za su tafi kai tsaye ba. Na ce mu kai tsaye muke tafiya, a nan muka rabu da su.

Haka muka yi ta yi. Ta tambaye ni game da burodin nan fari da Fada, limamin cocinsu, ke sa musu a baki. Na ce sun yi imani jikin Annabi Isa ne, da gaske, ba misali ba. Ta ajiye tire ta kalle ni. Ta tambaye ni 'yan Roman da masu buga ganga a cocin bayan kwata ko ɗaya ne. Na ce Kiristoci ne duka, amma da kakarta ta ji an haɗa ta da su, da unguwa ta ji muryarta. Amsoshin suna fitowa daga bakina tsaf, yadda aka koya mana a ajin coci tun ina da kitson makaranta. Ina faɗa ne kamar mai kwatancen hanyar Zongo Lane: ka hau trotro, motar haya, a nan, ka sauka a can.

A sati na huɗu ta kawo wadda take ta kewayawa tun farko. Ta ce ta tambayi malaminsu na makarantar Islamiyya, ya ce ba a nema wa wanda ya mutu ba musulmi ba gafara. Bai faɗa da zafi ba, ya ma ce ta yi haƙuri.

"Mma, to Kaka yana wuta ke nan?"

Na ce ba ni ke rabon wuta da aljanna ba, malamin ma bai ce shi ke yi ba.

"Su Roman me suke cewa game da mu?"

Na gaya mata abin da kakarta ta taɓa gaya mini: Fada ya ce musu musulmi Allah Mahalicci suke bauta wa, kuma wanda ya bi gaskiya iyakar saninsa, rahamar Allah ba ta fi ƙarfinsa ba. Na gaya mata kuma suna da wani wuri da suke cewa ana wanke rai kafin ya shiga aljanna, shi ya sa suke yi wa matattu addu'a.

Ta zuba waken da ke tafin hannunta a tire. Sannan ta ce, "Kullum Kaka yana jan carbinshi yana kiran sunana. Da naki, da na Baba. Ina ji. Shi an bar shi ya roƙa mini, ni ba a bar ni ba."

Ba a koya mini amsar wannan a ajin coci ba, ba a koya mini a makarantar Islamiyya ba. Na ce ta kai waken ciki.

Aka yi jana'iza ranar Asabar. Suka kwantar da ita cikin farin leshi, an shafa mata hoda, ita da ba ta taɓa shafa komai ba sai man kaɗe. Mijina da abokansa suka zo suka zauna a kujerun baya da hulunansu, har aka tashi. 'Yata ta leƙa akwatin ta ce, "Ba shi ba ne." Na ce ita ce. Aka yi waƙoƙin da na sani tun ina yarinya, bakina yana motsi da kansa, ƙirjina kamar an zuba siminti.

Bayan kwana biyu na idar da la'asar a ɗakin tsohuwar, don can ya fi sanyi. Na ɗaga hannu kamar kullum, na roƙa wa mijina, na roƙa wa yara. Na zo inda sunanta ya kamata ya shiga, na tsaya. Ba na son in ƙetare abin da malamai suka faɗa, ba na kuma iya shafawa in tashi in bar ta. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ya Allah, ka fi ni saninta."

Ban san yarinyar tana bakin ƙofa ba.

"Mma, wannan an yarda a faɗa?"

Na ce ban roƙi komai ba, gaskiya kawai na faɗa.

Ta cire takalmi ta shigo, ta zauna a gefen dardumar, ta ɗaga hannu ta faɗa ita ma. A hankali ta faɗa, kalma bayan kalma yadda ta ji a bakina. Sai ta kifa kai a cinyata ta fashe da kuka. Na dafa bayanta ina jiran nawa, bai zo ba. Muna nan zaune har wata maƙwabciya ta leƙo ta ce waken da na jiƙa ya sha ruwa.