Takardun Gimbiya

Duk wanda ya san layin nan ya san Mai Agogo. Tun yana saurayi ya kafa teburinsa mai gilashi a bakin shagon aski, a nan kuma furfura ta same shi. Da madubin ido ɗaya maƙale a fuska, da hantsaki a hannu, yakan zaro ƙusar da ba ta kai tsakuwar yashi ba, ya nuna maka ita ya ce, "Ga wadda take sa ka makara." Da wayoyin hannu suka kwashe masa kasuwa bai yi fushi ba. Ya koma sauya batir da maɗauri, yana jiran tsofaffi irinsa da har yau ba su yarda da lokacin waya ba. Abin taƙamarsa a duniya shi ne idonsa. Yakan ce duk abin da ya gifta ta gaban idon nan ya shiga ke nan, ba fita.

Abin da ya tsana kuwa, a faɗarsa, kyanwa. Maiɗakinsa ce ta tsinto wata 'yar toka-toka a bayan kanti, ta raɗa mata Gimbiya, ta ba ta kujerar da ta fi laushi a gidan. Shekara goma da 'yan kai shi dai "waccan abar" yake ce mata. In ta shigo ɗaki sai ya ɗaga jarida ya kare fuska.

Da maiɗakin ta rasu, gidan ya yi masa faɗi. A hankali ya fara sakin gutsuren kifi a ƙarƙashin tebur, idonsa na kan bango. Daga nan ya fara ba bangon labarin wunin ranar: wanda ya kawo agogon da ya faɗa ruwa ya rantse bai faɗa ba, da ƙaryar da Mai Aski ya shara wa wani baƙo. Bangon kuwa yakan amsa daga ƙasan tebur. Kallon kyanwar dai bai yi ba. A ganinsa muddin bai kalle ta ba, maganarsa tana nan daram.

Ana nan sai Auta, 'yarsa da ke aikin jinya a ƙasar waje, ta ce zaman kaɗaicin ya isa, ya tattara ya koma wurinta. Ya yi ta kwana-kwana, har ya amince. Can ƙarshen hirar ya yi gyaran murya ya ce, "Ita waccan abar fa? Ni ba ruwana da ita. Amma kin san mahaifiyarki."

"To Baba, a taho da ita mana," in ji Auta. "Sai dai ba a ɗaukar dabba a hau jirgi haka kawai. Ka je asibitin dabbobi su yi maka bayani."

A bakin shago kuwa labarin ya juye. "Auta ce ta dage," ya ce da Mai Aski, amininsa. "Yaran zamani. Wai har kyanwa sai ta hau jirgi."

"Allah Sarki," in ji Mai Aski, yana wasa askarsa. "Mu da muke biyan haraji ko filin jirgin ba mu taɓa leƙawa ba."

Likitar dabbobin mace ce mai fara'a, sa'ar Auta. Ta zaunar da shi ta jero masa sharuɗɗan ƙasar da za shi. Da farko za a cusa wa kyanwar wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuya, mai ɗauke da lamba, lambar nan ita ce sunanta a wurin hukuma. Sannan allurar rigakafin ciwon hauka. Bayan 'yan makonni a ɗebi jini a aika gwaji, a ga ko allurar ta kama. Daga nan sai jira na watanni. Gab da tafiya a sake dawo da ita a duba lafiyarta, a rubuta takardar shaida, hukuma ta buga hatimi.

"Kuma bi da bi ake yi, Baba," ta ce. "In aka tsallake ɗaya, an koma farko."

Mai Agogo ya jinjina kai. Aiki mai tsari irin na cikin agogo, wannan ya gane shi.

Matsalar ita ce kamun. Mutumin da bai taɓa taɓa kyanwa ba, ta ina zai fara? Ya sayo keji, ya buɗe gwangwanin kifi ya tura ciki, ya ajiye a tsakar gida da sassafe, ya ja kujera ya juya wa kejin baya. Bai daɗe ba ya ji motsi. Ya miƙa ƙafa ya tura ƙofar, ya leƙa da wutsiyar ido, ya ga toka-toka, ya lulluɓe kejin da tawul. Ya bi ta bayan layi, ya zagaye shagon aski, kamar mai ɗauke da kayan sata.

Likita ta buɗe bakin kyanwar ta ce, "Ka ce ta haura shekara goma? Haƙoranta kamar na budurwa."

"Kulawa ce," in ji Mai Agogo, yana kallon silin. Har ya ji kansa ya ɗan yi girma.

Ranar ɗibar jini ma haka aka yi. Kifi, juya baya, tawul. Aka aske ɗan gashin ƙafarta ta gaba aka zuƙi jini. Ya dawo ya buɗe kejin a tsakar gida ya shige ɗaki abinsa.

Washegari muryar Makitsiya, maƙwabciyarsa, ta tsallako katanga. Mace ce da ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba, ko gaisuwa take yi sai ka ɗauka kira ne. "Wane marar aikin yi ne ya aske wa kyanwata Kwaɗayi ƙafa? Dabba ba ta ci maka ba, ba ta sha maka ba! Ko wane ne, na bar shi da Allah!"

Mai Agogo yana shan shayi, ya ɗaga murya ya taya ta. "Mutane sun lalace, maƙwabciya. Sai haƙuri."

Watanni suka shuɗe. Sakamakon jini ya fito lafiya lau, aka sayi tikiti. Ya rabar da kayan ɗaki, ya bar wa Mai Aski teburin gilashin ya jera man gashi a ciki. Mutanen layi suka haɗa masa shayin ban kwana, aka yi jawabai, har wani ya share hawaye. Gidan ya zama fayau, daga katifa sai akwati biyu.

Ranar duban ƙarshe kifi ya ƙare masa. Da daddare dama ya shimfiɗa wani tsohon zanen marigayiya a cikin kejin, saboda an ce cikin jirgi da sanyi. Da gari ya waye ya tarar an riga an shiga an kwanta a kai. Ya rufe, ya lulluɓe, ya kama hanya.

Likita ta ɗauko na'urar karanta lamba, ta goga a wuyan kyanwar. Shiru. Ta goga a kafaɗa, ta bi gadon baya har wutsiya. Shiru.

"Batir ne," in ji Mai Agogo, ya gyara zama, an zo fagensa. "Kawo in duba miki."

Ta gwada na'urar a jikin wani ɗan kwikwiyo da ke jira, nan take ta yi ƙara. Ta dawo ta ɗaga leɓen kyanwar, ta daɗe tana dubawa.

"Baba, wannan ba ita ba ce."

"Ita ce mana. Gimbiya ce."

"Na yarda Gimbiya ce. Amma ba ita ka kawo min a baya ba. Wannan tsohuwa ce, haƙorinta ɗaya ya faɗi, ga tsaga a kunnen hagu. Waccan yarinya ce, ta kuma fi wannan ƙiba. Kana da biyu ne?"

Sai a lokacin Mai Agogo ya sunkuya ya kalle ta, kallo na sosai. Ga tsagar a kunne. Ga farin gashi kaɗan a haɓa. Idanunta kore-kore, ta kafa masa su ba ƙiftawa, kamar mai cewa sai yau? Muryar Makitsiya ta faɗo masa a rai, da askakkiyar ƙafa, da wani zance da marigayiya ta taɓa yi yana bayan jarida, cewa ta ba maƙwabciya ɗaya daga 'ya'yan Gimbiya, mai kama da uwar sak. Gumi ya keto masa ta ƙarƙashin hula.

"Likita," ya ce, murya can ƙasa, "ba za a goge waccan a rubuta wannan ba?"

"Lambar tana jikin waccan, jinin ma nata ne. A filin jirgi irin na'urar nan za su goga. In ba ta yi ƙara ba, ko su tsare ta, ko su juyo da ita." Ta yi ƙoƙarin haɗiye dariya, ta kasa, ta mayar da ita tari. "Yi haƙuri, Baba. Sai dai a fara daga farko."

Yau bai zagaye ba, don ƙafafunsa sun manta. Sai ganinsa ya yi a ƙofar shagon aski da keji a hannu. Mai Aski ya saurari labarin, ya ajiye almakashi, ya zauna a kujerar masu aski, ya yi dariya har yana dukan cinya.

"Mai ido! Kai da kake hango ƙura a cikin agogon mata! Wata da watanni kana yi wa 'yar maƙwabta hidima!"

"Rage murya."

"To ai da sauƙi. Ɗauki mai takardun ka tafi. Toka-toka dai ce, wa zai sani? Kai kanka ba ka sani ba."

Wannan ta ƙarshen ta shige shi. Ya ɗauki kejinsa ya nufi gidan Makitsiya.

Makitsiya tana tsakar gidanta da kan wata mata a tsakanin gwiwoyinta. Kwaɗayi na kwance a kan katanga, ta yi ɓul-ɓul da kifin gwangwani. Mai Agogo ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula, ya yi bayani yana in'ina.

Ta saki gashin da take kitsawa. "Kai ne? Kai ne na yi mako guda ina ja wa Allah ya isa, kana ce min mutane sun lalace?"

"Ni ne."

"Oh ni! Wato yanzu Kwaɗayi tana da takardun fita waje, ni ko fasfo ba ni da shi." Matar da ake wa kitso ta cusa fuska a zane, kafaɗunta na rawa. Makitsiya ta dube shi, ta ga yadda dattijon ya tsuke, sai ta sassauta. "Na janye, Malam. Ka tafi abinka, kada ka ɓata tikiti. Bar min Gimbiya. Inda 'yarta ke ci nan za ta ci."

Magana ce mai kyau, ya san haka. Ya yi godiya ya koma gida, ya buɗe kejin, ya zauna a bakin katifa. Gimbiya ta fito ta zagaya ɗakin da ba kowa ba komai, ta shinshina inda teburin cin abinci yake a da, ta rasa ƙarƙashin da za ta shiga. Sai ta zo ta zauna a kan ƙafarsa. Bai janye ba.

Ya kira Auta. Ta saurara har ƙarshe, ya ji tana jan numfashi irin na mai danne dariya.

"Baba, ba komai. Ka taho jibi yadda aka tsara. Maƙwabciya ta riƙe ta, in takardun sun kammala a turo ta a kaya."

"A kaya," ya maimaita.

"Haka ake yi. Ko akwai matsala? Ai ka ce ba ruwanka da ita."

"Ta tsufa. Haƙorinta ɗaya ya faɗi, sai an farfasa mata kifin. Ba kowa ya san haka ba."

"Kai yaushe ka sani?"

"Ɗazu."

"Baba, ka ce dai ba za ka iya barinta ba."

"Ban ce ba."

"To me ka ce?"

"Na ce a ɗaga tafiyar."

Da Auta ta sake magana muryarta ta canza. "To, Baba. Zan ɗaga. Ka gaishe min da ita."

Haka Mai Agogo ya wayi gari a layin da aka riga aka yi masa ban kwana. Ya je ya roƙi Mai Aski ya kwashe man gashinsa daga teburin. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya ce, "A'a, har an dawo? Ya mutanen can?" Wanda ya share hawaye a wurin shayi kuwa ya ce sai an biya shi hawayensa. Mai Agogo yakan maƙala madubinsa ya duƙufa a kan agogon da ba abin da ya same shi.

Ranar da za a fara daga farko, da hannunsa ya ɗauki Gimbiya. Ta yakushe shi a yatsa, ya ce ya ji, ya cancanta. Yana fitowa da kejin ya tarar da Makitsiya a ƙofar gidanta, ta ɗaga Kwaɗayi sama da hannu biyu, ƙafafu na reto.

"Malam!" ta kwaɗa masa kira, yadda har masu jiran aski suka leƙo. "Ga tawa nan a hannuna, ka gan ta? Duba da kyau! Ba zan sauke ta ba sai ka sha kwana!"

Mai Agogo ya ja hula ta rufe goshi, ya rungume kejin a ƙirji, ya ƙara sauri.