Sa Hannun da Ya Ɓalle Ɗakin Mijina

Muna tsakiyar koyon waƙa a zumuntar mata, ƙanin mijina ya kira ni daga Madakiya. Ya ce 'yan sanda sun zo da waranti, sun ɓalle ɗakin yayansa suna neman mashin ɗin sata.

A wajenmu, in mutum ya rasu ana kulle ɗakinsa har ranar da dangi za su taru, fasto ya yi addu'a, a raba kaya. Ko ni matarsa ban shiga ba tun da aka binne shi. Da na isa, na tarar da katifarsa a tsakar gida, rigarsa ta mawaƙan coci a ƙasa. Kabarin yana nan bayan ɗakin, ko ciyawa bai yi ba. Mashin ɗin kuwa bayan rasuwarsa aka sace shi. Ba su sami komai ba, amma kafin Lahadi magana ta zaga gari, wai marigayi yana ajiye wa ɓarayi kaya.

Haushina ya fi yawa a kan wanda ya sa hannu. Na je kotu a Kafanchan, magatakarda ya zaunar da ni a benci, ƙofar ofis a buɗe. Ina gani wani ɗan sanda ya shiga da takardu, ya sara. Majistare yana hira da wani lauya, ya jawo su, ya sa hannu ɗaya bayan ɗaya, ya buga hatimi. Tabaransa na kan tebur.

Da na shiga, na tambaye shi me ya bincika kafin ya ba da izinin taɓa ɗakin. Ya ce ɗan sanda ya yi rantsuwa, shi kuma ba zai iya bin gida gida ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban ce ka je ba. Da ka tambaya ko mai ɗakin yana da rai."

Ya ce, "Mama, Allah ya ta'azantar da ke."

Na gode masa. Na ce abin da ya kawo ni layi ɗaya ne, a rubuta cewa ba a sami komai a ɗakin ba, in kai wa fasto ya karanta wa jama'a. Ya ce sai 'yan sanda sun dawo da rahoto. Su kuma suka ce sun riga sun kai kotu. Har yau ba a rubuta layin ba.