Ƙugiya Goma Sha Huɗu a Wuyan Rigar Buakham

Shekara ashirin da shida muka yi da Goggo Buakham a tebur ɗaya, a ƙarƙashin wani gidan katako da aka ɗora a kan ginshiƙai, a bayan kasuwar garin San Kamphaeng, muna ɗaure ƙudan ƙarya da Turawa ke kama kifi da shi a kogunansu masu sanyi. Babu wadda ta taɓa ganin kifin a cikinmu. Mu dai a ba mu ƙugiya da zare da gashin zakara da 'yan duwatsun ƙarfe masu rami, mu haɗa, a zuba a kwali a tafi da shi.

Ita ta koya mini sa dutse, kuma da duka ta koya mini. Ramin dutsen gefe ɗaya tsukakke ne, ɗaya gefen mai faɗi. Ta tsukakken ake zura tsinin ƙugiya, a bi da shi lanƙwasar har ya je ya zauna a wuya. In kika juya shi, sai ya haɗiye idon ƙugiyar, mai kamun kifi ya rasa inda zai ɗaura igiya. Na taɓa juya ɗari biyu a yini ɗaya. Ta ƙwale ni da filaya a bayan hannu, ta ce, "Kesorn, ido ne a fuskarki ko ƙwallon tsamiya?"

Kafin dutse kuma akwai kunne, ɗan haƙorin nan da ke bayan tsini, mai hana ƙugiya fita in ta shiga nama. Dutse ba ya wuce shi sai an danne shi da filaya. Tsarin Goggo ba ya canzawa: ta danne kunne, ta zura dutse, ta soke ƙugiyar a wani ƙyalle mai kauri da take ɗaurawa a ƙirji, sai sun kai ashirin ta fara ɗauri. 'Yar mitsitsiya ce, kullum da ganyen shayi mai tsami a kuncinta, ga baki kamar reza. Na ji haushinta sau da yawa, kuma ina sonta fiye da wasu 'yan uwana na jini.

'Ya ɗaya gare ta, Duan, wadda ta auri Prayong, tsohon ɗan dambe da ya koma tuƙa motar yashi. Duk garin an san yadda Prayong yake duka. Da hagu yake damƙe wuyan riga ya murɗe, dama ta yi aikin. Haka ya yi wa mai sayar da fetur, haka ya yi wa ƙanensa, haka yake yi wa Duan. Ya zubar mata da haƙora biyu, ya taɓa karya mata muƙamuƙi ta yi wata guda tana shan kunun shinkafa da tsinke. Dattawan unguwa sun zauna sau biyu, suka ce a yi haƙuri, maganar gida ce.

A daminar da nake ba ku labari, ya tura kanta cikin randar ruwa ya danne har ta daina motsi, sannan ya sake ta. Ta gudo da jaririyarta, muka ɓoye su kwana biyu a ɗakin ajiye gashin zakara da ke bayanmu. An shirya ranar Laraba ta bi ta gonar shinkafa ta fita bakin titi, ta hau jar a-kori-kura mai wucewa ƙarfe goma sha ɗaya, daga can wata 'yar uwa ta kai ta wani gari mai suna Nan. Tafiyar minti goma ce a kan kunyar gona.

Da safiyar Larabar na ga Goggo ta buɗe kwalin manyan ƙugiyoyi na kifin teku, alhali aikin ƙanana muke yi. Na ga ta ɗaura ƙyallenta sama sosai, kusan a maƙogwaro. Na ce, "Goggo, yau sarƙa kike yi wa kanki?" Ta ce in kula da aikina.

Sha ɗaya saura kwata muka ji motar yashi ta tsaya. Wani ya tsegunta masa. Duan ta fice ta baya da goyo, ko takalmi babu. Shi kuwa ya shigo ya sa ƙafa ya ture teburin farko, duwatsu suka watse ko'ina a ƙasa. Malee, abokiyar aikinmu wadda ta fi mu jiki, ta miƙe, ya mare ta ta faɗa kan kwalaye. Ni ban motsa ba. Har yau ina jin kunyar wannan.

Goggo ta je ta tsaya a bakin ƙofar baya.

Ya ce, "Mama, ba ni hanya."

Ta ce, "Wace Mamar? Ni ban haifi mai dukan mata ba. An kore ka daga fagen maza, ka zo nan ka nuna ƙarfi?"

Da gangan ta faɗa, kuma ya hau. Ya kai hagu ya damƙe wuyan rigarta ya murɗe da dukan ƙarfinsa. Ƙarar da ya yi ban taɓa jin namiji ya yi irinta ba. Ya ja hannu zai saki, hannu ya ƙi fitowa. Goggo ta sa hannayenta biyu ta riƙe wuyan hannunsa, ta ƙara danna tafin a ƙirjinta.

Sai ya fara da dama. Naushin farko ya fasa tabaranta a fuska. Na biyu ya fasa mata hanci, jini ya wanke ƙyallen. Duk naushin da ya kai, sai jikinta ya yi baya, ƙugiyoyin su ja namansa, ya yi ihu, ya sake kai wani. Ya buga bayanta da ginshiƙi, ya ja ta a ƙasa a kan duwatsun, suka zame suka faɗi tare. Ba ta saki ba. Ina jin tana ce masa, da jini a baki, "Ja mana, ɗan dambe. Ja."

Agogo na rataye a bango, ni shi nake kallo don na kasa kallon su. Da ya wuce goma sha ɗaya da minti uku, muka ji hon ɗin jar motar can nesa, sau biyu, alamar da muka yi da direban cewa Duan ta hau. Sai a lokacin ta saki hannunsa. Maza suka shigo daga kasuwa suka danne shi, Malee ta yanke ƙyallen da almakashi, aka tafi da shi asibiti da guntun a manne a tafinsa. Yatsunsa uku ba su ƙara lanƙwasuwa ba, hannun bai sake damƙe komai ba.

Ita kuwa gilashin tabarau ya tafi da idonta na dama, na hagun kuma dama ya gaji. Ramin dutse ya gagare ta. Takan ɗauka ta lalaba, ta juya shi, ta ji da yatsa ba daidai ba, ta ajiye. Yanzu tana zama a ƙarshen teburinmu tana danne mana kunne da laluba, tana zaginmu kamar da. Duan tana garin Nan tana sayar da taliya, yarinyar ta shiga makaranta.

Ni na je asibiti na karɓo guntun ƙyallen, da ƙugiyoyin da likita ya yanko a cikin ɗan kwano. Na zauna na ƙirga, goma sha huɗu. Ko ɗaya babu dutse, ko ɗaya ba a danne kunnenta ba. Na kai mata a gado na ce, "Goggo, shekara ashirin da shida ban taɓa ganin kin manta da kunne ba."

Ta juyo da gefen fuskar da ba a naɗe ba, ta ce, "Wa ya ce miki mantawa na yi?"