Yaya, Ciyawar Ƙofar Gidanki Ta Fitar da Kai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga watan Maris, Allah ya karɓi ran yayata bayan gajeruwar rashin lafiya. Ta bar 'ya'ya huɗu, da ni ƙaninta, wanda ta fi shan wahalarsa a kan su duka.

Yaya, kin san yadda na zama tun da aka sallame ni daga aikin binciken tsirrai, aka miƙa kujerata ga waɗanda ba su iya komai ba sai gaisuwa. Na rufe ɗaki, na daina zuwa suna da biki. Kowa ya gaji ya rabu da ni, ban da ke. Da abinci kike zuwa, ki wanke labule, ki yi mini faɗa, ki tafi.

Bara sai ga ki da ganye ɗaya a gefen gyale. Na wata ciyawar ado ce da kika tarar a ƙofar gidan da kike haya. Ta yi girma, tsakiyarta ta mutu, sai zobe kore a gefe. Kina so ki raba ta, kowane ɗanki ya dasa a gidansa.

"Mai digiri, gaya mini mece ce wannan. Ba na sa fartanya a jikin abin da ban sani ba."

Na ce gara ta cinye littattafaina.

"Idanunka ma ta cinye?"

Gaskiyarki ce da kika tsaya tambaya. Wata ciyawar tana zama dunƙule inda aka sa ta, wata kuwa saiwarta ta bi ƙarƙashin ƙasa ta ɓulla a gidan maƙwabci, zumunci ya lalace. Kuma kowace da lokacin da take jure rabuwa. Haka na soma zuwa gidanki ina durƙusawa, ina duba gefen ganye da inda ya rungumi kara. Na ce ba zan yanke hukunci ba sai ta fitar da kai. Kika ce, "Ai ni ba sauri nake ba, kai dai ka riƙa zuwa." Ashe ajali ne ke sauri.

Bayan rasuwarki mai gidan hayar ya ce a kwashe kaya a ƙarshen wata, ciyawar kuma a tumbuke ta. Yaranki suka ɗauko shebur. Na ce su dakata, in aka sare ta yanzu cikin zafi, ko ɗaya ba zai kama ba. Ni da na yi rantsuwar ba zan sake roƙon ɗan Adam komai ba, na sa hula na je wurinsa. Na tafi da shirin jin wulaƙanci. Mutumin nan ya saurare ni, ya ce, "Baba, ku ɗauki kaya ku bar ciyawar har ruwa ya sauka. Ni zan riƙa ba ta ruwa."

Shekaranjiya ta fitar da kai, fari sol, mai laushi kamar gashin jariri. Na gane ta. Mai zama dunƙule ce, ba ta shiga gidan kowa. Da ruwan farko za mu tone ta, mu yar da matacciyar tsakiyar, mu raba. Babbar 'yarki ta ce kashi biyar za a yi, ba huɗu ba, kuma har ta sayo mini tukunya.

Allah ya jiƙanki, Yaya, ya haskaka makwancinki, ya sa Aljanna ce makoma. Ina yi wa 'ya'yanki da jikokinki da maƙwabtanki ta'aziyya. Allah ya ba mu haƙuri, ya raya abin da kika bari, mu kuma ya sa mu cika da imani.