Takabar Yaya Asabe

A tarihin duniya ba a taɓa yin faɗuwar daula irin ta gidan yayana ba. Na faɗi haka ne bayan na yi shekara talatin ina koya wa 'ya'yan mutane faɗuwar dauloli da alli. Daular da nake nufi ɗaki uku ce da zaure da rumbu, a wani lungu bayan Yalwawa.

Ranar Talata ce. Na dawo daga sallar asuba, na sha koko a zaure. Yayana Malam Sabo ya kwana sittin da biyu a ƙasa. Matarsa, Yaya Asabe, tana takaba a ɗakinsa. Wata huɗu da kwana goma za ta yi, kuma ta ce ko dokin ƙofa ba za ta tsallaka ba sai ta cika. Na leƙa in gaishe ta.

"Malam Boko," ta ce, "ka karya kumallo, ko har yanzu jarida kake ci?"

Shekara arba'in muna wannan wasa na ƙanin miji da matar wa.

Tun da aka mai da Dutse babban birnin jiha hukumar gyaran birni ke kawo mana ziyara da jan fenti. Su zana alama a katanga, su ce titi mai hannu biyu zai bi ta nan, da shaguna da fitilu. Damina ta wuce, mu yi yaɓe, alamar ta shige ƙarƙashin laka. Hukumar ta sake suna, ta sake shugaba, fentin dai bai sake launi ba. Wannan karon sun haɗa da takarda. Dattawan unguwa suka je suka yi bayanin akwai mai takaba a layin. Aka ba su kujeru, aka ce an ji. A wurinmu, in babba ya ce ya ji, magana ta ƙare. Ko tabarma ba mu naɗe ba.

Ƙarfe bakwai da kwata ruwan randa ya fara rawa. Sai rugugi daga bakin titi. Katafila biyu, da motar jami'an tsaro a baya. Aka ɗaga lasifika.

"Kowa ya fito. Minti talatin."

Ba su cika minti goma ba. Gidan telan unguwa aka fara. Kwano in ana yage shi kuka yake yi kamar akuya a hannun mahauci. Matasa suka fara jifa. Aka yi harbi sama sau uku. Takwas saura kwata barkonon tsohuwa ya cika lungun. Mata suna gudu da tukwane, wata da tuwo a ciki. Kaji sun hau katanga, katangar ta tafi da su.

Na shiga ɗaki. Yaya Asabe tana zaune a tabarma da carbi. Na durƙusa na karanto mata duk abin da malamai suka ce a kan lalura, cewa mai takaba tana iya fita in rai na cikin haɗari. Ban taɓa ba da darasi mai kyau irin wannan ba.

"Ban cika ba," ta ce.

Ƙarfe takwas katangar baya ta zube. Rumbun ya bi ta. Ƙura ta shigo har kan gadon marigayi. Sai ta miƙe, ta ja mayafi, ta sa takalmi, ta laluba ƙarƙashin matashi ta ɗauko 'yar wuƙarta. Tsofaffinmu ba sa barin mai takaba ta fita hannu sake, sai da 'yar wuƙa, wai don tsari. Tata ko albasa ba ta yankawa. Ni da na sha kiran abin camfi a gaban ɗalibai, ban tuna in ce ta ajiye ba.

A bakin zaure muka yi kiciɓis da wani jami'i, idonsa jajir da hayaƙinsu.

"Yar da wuƙar! Yar da ita!"

Ba ta ɗaga kai ba. Mai takaba irinta ba ta kallon baƙon namiji, balle ta amsa masa. Ya juya bindiga ya kai mata gindin a ƙugu. Na ji ƙarar, kamar an taka busasshen kara.

"Takaba take yi," na ce. Na maimaita, ban san sau nawa ba.

Ya dube ta a ƙasa, ya dubi wuƙar. "Ku wuce," ya ce.

Wani mai sayar da ruwa ya sauke jarkokinsa, muka ɗora ta a kura. Muka tura ta cikin lunguna, muna tari, duwatsu na wucewa ta kanmu. Ba ta yi kuka ba. Ƙarfe tara muka isa babban titi. Daga nan na waiwaya. Ban iya gane inda gidan yake ba.

Da azahar muka sami mota zuwa Aujara, gidan ƙaninta, inda akwai maɗori. Kowane rami a hanya sai ta damƙe hannuna. Mun isa ana kiran la'asar.

An yi ɗori, ƙashin bai kama ba. Ta daina tsokanata. Limamin garin ya zo da kansa ya tabbatar mata kwanakinta suna tafiya a ko'ina take. Ta yi masa godiya, ta ci gaba da cewa sittin da biyu ta yi. Kwanakin Aujara ba ta sa su a ciki ba.

Ta rasu saura kwana goma sha tara a ƙirgata. A ƙirgarta saura sittin da takwas.

Titin an sake masa hanya, ya bi ta gabas. Filin gidan yana nan, ana shanya barkono.